Baba Da Kaset Ɗin Gajere

Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma, kuma Baba ya riga mu. Yau kwana tara ke nan. An kwashe kujerun da muka jera a ƙofar gida a unguwar Bani Malik ta Jidda, an mayar wa masu su da butocin gahawa, 'yan uwan da suka zo daga Makka sun koma, ni kuwa na kasa komawa bakin aiki. Na gaji da miƙa hannu, na gaji da cewa amin. Amma ba wannan gajiyar ce ta sa na ɗauki biro ba. Abin da na ji ana faɗa a kan Baba cikin kwana ukun zaman makoki ne ya tsaya mini a wuya.

Duk wanda ya zo sai ya riƙe hannuna ya yi addu'a yadda ya kamata. In ya zauna ya kurɓi gahawa kuma, sai ka ga yana danne murmushi. "Allah ya jiƙan Baba Tailan," in ji wannan. Na kusa da shi ya ce amin, su kalli juna. Sunan da 'yan unguwa suka laƙaba masa ke nan, saboda finafinan faɗa na ƙasar Tailan da ya kwashe rabin rayuwarsa yana kallo. Limamin masallacin layinmu ya ce, "Mutumin kirki ne, ɗan sahun farko. Sai dai... to, Allah mai gafara ne." Babu wanda bai gane abin da ke cikin "sai dai" ɗin nan ba.

Kawu, ƙanin Inna, da ma ba ya iya ɓoye abin da ke ransa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Wallahi ya waladi, ban taɓa ganin mai furfura yana yi wa talabijin tsawa ba sai mijin yayata. Halas, shi ke nan, yau talabijin ta huta." Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta juye masa, ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska.

Goggo, ƙanwar Baba, ita ba ta ga abin dariya ba. Ta sa aka kira ni cikin gida. "Ɗan nan, kwalayen da ke ƙarƙashin gadonsa, ka fitar da su. Mutum yana can yana amsa tambaya, a nan kuma an bar doke-doke da kiɗe-kiɗe da sunansa? Kada su bi shi." Na ce to, Goggo. Ban fitar ba.

Mutum ɗaya ne ya faɗi wata magana daban. Wani Bacade ne mai aikin shafe, ban san shi ba. Ya zo rana ta uku, ya zauna a kujerar ƙarshe. Da zai tafi ya ce, "Kai ne babban ɗan? Ka ga ƙafafun nan da nake takawa? Bayan Allah, babanka ne." Ya wuce. Na san abin da yake nufi, kuma zan zo kansa.

Ni ma akwai abin da ke cina, gara in faɗe shi tun yanzu. Shekara goma sha bakwai da suka wuce na yi wa Baba wata ɓarna da ba ta gyaruwa. Ban taɓa neman gafararsa ba, shi kuma bai taɓa ɗaga maganar ba. Kullum ina cewa sai wani zuwan. Yanzu an rufe shi, ban sani ba ko ya tafi da ita a zuci.

Baba mutumin ƙasar Damagaram ne, gidan mahauta. Da ƙuruciya ɗan dambe ne, har ya rasu in ya dunƙule hannun dama kana ganin tabon zaren da ake naɗawa. Ya zo aikin hajji yana saurayi, ya ce zai yi shekara ɗaya ya tara na komawa. Shekarar nan ɗaya ita ce ta haife mu, mu bakwai. Ni ne ɗan fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Wancan" yake ce mini. In yana da magana da ni, ko ina zaune a gabansa, sai ya juya ga Inna: "Ki ce wa wancan ya rage gudu da mota." Ƙannena suna hawa bayansa suna ja masa gemu, ni kuwa iyakata da shi gaisuwa. Mu da aka haifa a Jidda ba mu cika fahimtar wannan kunyar ba. Inna ta sha gaya mini cewa a garinsu haka ake yi wa ɗan fari, amma na daɗe ina ɗauka ƙi ne.

Yadda ya haɗu da finafinan nan kuwa, labari ne da ya ba mu sau ɗari, ba ya canja ko kalma. Yana leburanci a wani gini a Abhur, lokacin da ake ta tayar da manyan gidaje a bakin teku. Cikin kafintoci akwai wani ɗan Tailan, Musulmi daga kudancin ƙasarsu, ɗan firit, bai kai kafaɗar Baba ba. Sunansa ya gagari harshen kowa, sai Baba ya sa masa Gajere. Wata rana katako ya karye da Gajere daga hawa na biyu. Baba ya ce shi har ya fara salati, don ya riga ya ga gawa. Sai ya ga mutumin ya dunƙule a sama, ya sauka da gefen kafaɗa, ya mirgina sau biyu, ya miƙe yana kaɗe wando yana neman hamarsa.

"A dambe," in ji Baba, "da hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka. Ni tun ina yaro gudun ƙasa aka koya mini. Sai ga mutum, ƙasa ƙawarsa ce."

Da guntun Larabcin wurin aiki da nuni da hannu suka ƙulla abota. A hankali Baba ya gane cewa kafin kafinta, sana'ar Gajere a ƙasarsu ita ce faɗuwa a fim. Ba jarumi ba ne, sunansa ma ba ya fitowa. Yana cikin mutanen nan da ke rugowa da sanda daga gefe a harbe su da ƙafa su bi ta taga. Baba bai yarda ba, sai da ɗan uwan Gajere ya aiko da kaset ɗin bidiyo daga gida. Saboda kaset ɗin nan Baba ya sayi tsohuwar na'urar bidiyo, Inna ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, don firiji suka yi niyyar saye.

Fim ɗin na talakawa ne, kana gani ka sani. A ƙauye aka yi shi, rigar jarumin ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kuma mutum ɗaya sai ya mutu sau uku, a canja masa hula kawai. Wajen tsakiya akwai babbar mota ɗauke da buhuna tana gudu a kan turɓaya. Gajere ya rugo a kan buhunan, jarumi ya tare shi da gwiwa a ƙirji, ya tashi sama ya faɗo a kan rumfar mai kwanduna a gefen hanya. Sai a matso da hoton kusa da fuskarsa yana kwance, ya yamutsa baki, ido ɗaya a rufe. Duka abin bai fi numfashi biyar ba. Nan ne kaɗai ake ganin fuskarsa.

Gajere ne ya buɗe wa Baba sirrin sana'ar, Baba kuma ya zama malaminmu ko muna so ko ba ma so. Yana zaune a ƙasa dab da talabijin, yatsa a kan maɓalli, don bai yarda da na riƙewa a hannu ba. "Ku duba ƙurar nan da ta tashi daga ƙafarsa. Hoda ce suke barbaɗawa don dukan ya fito." Ya tariyo. "Ku saurara da ido. Ɗaya, biyu, uku, gwiwar hannu. Ɗaya, biyu, juya. Ƙirga suke yi, kamar masu daka su uku a turmi ɗaya. Wanda ya saɓa ƙirga shi zai rasa haƙori." Ya ce ƙarƙashin kwandunan nan babu katifa, kwalaye ne da ƙaiƙayin shinkafa, kuma na'urar ɗaukar hotonsu ɗaya ce, kayan ɗauka da tsada, saboda haka sau ɗaya ake yi. In ka faɗi da kyau shi ke nan, in ka karye ma shi ke nan, da shi za a yi amfani.

Ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshensu, kuma bai taɓa damuwa ba. In aka fara surutu ko soyayya sai ya tura gaba. In mace ta fito ba lulluɓi ya ɗora hularsa a kan gilashin talabijin har ta wuce. Sautin ma kashewa yake yi yawancin lokaci, shi ya sa nake mamakin kiɗe-kiɗen da Goggo take faɗa. Ƙafafu yake kallo, da kafaɗa, da inda mutum ya ajiye haɓarsa.

Faɗansa da Kawu ma a kan wannan ne. Kawu ya taɓa kawo wani fim mai tsada, mutane na tashi sama suna gudu a kan rassan itace. Baba ya kalli minti biyu ya miƙe. "Igiya ce ke aiki. Ɗauke mini abinka." Kawu ya ce, "Ya shehu, naka fa? Jarumin naka ko takalmi ba shi da shi." Baba ya ce, "Wa ya ce maka jarumi nake kallo? Kai ma da wannan tumbin naka, in aka samo mutum goma da suka yarda su faɗi, jarumi ne kai." Maganar tumbin ce ta ɓata wa Kawu rai. Wata biyu bai taka gidanmu ba, sai da sallah ta zo Inna ta haɗa su a kwano ɗaya.

Shekara huɗu suka yi tare da Gajere. Abin da ya fi damun bawan Allahn nan shi ne hajji. Ga Makka tafiyar awa ɗaya, amma duk shekara in lokaci ya zo kafili, ubangidan da takardunsa ke hannunsa, sai ya ce aiki ya yi yawa, baɗi. Ya samu ya yi umra sau ɗaya, amma bai taɓa tsayuwa a Arfa ba. Sai kuma aka shiga shekarun da mutanen ƙasarsu suka yi ta barin nan rukuni-rukuni, takardu sun ƙi sabuntuwa. Ranar da zai tafi ya zo gidanmu, ya ci tuwo da cokali, ya ajiye wa Baba kaset ɗin. Ba su da hoto tare. Adireshin da ya rubuta da rubutunsu ne, babu mai iya karantawa. Daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Bayan tafiyarsa Baba ya ɗauki wata ɗabi'a da ta sa ake masa kallon mai taɓin hankali. Ya shiga koya wa mutane faɗuwa. Yana cewa, "Duka kowa ya iya, jariri ma yana duka. Faɗuwa ake koya." Ya shimfiɗa tsofaffin katifu a soron benenmu, ya tara leburori ranar Juma'a da hantsi. Haɓa a ƙirji. Kada ka miƙa hannu ka tare ƙasa, ƙasa ta fi hannunka ƙarfi. Ba ta gefe, ka mirgina, ka saki numfashi. Manyan mutane masu iyali suna ta mirgine-mirgine, matan bene suna leƙe suna dariya. Ko sisi bai taɓa karɓa ba. Kakarmu ta wajen uwa ma bai ƙyale ta ba. Da ta ce ita ta tsufa da wasan yara, ya ce, "Iya, ai ku banɗaki ke jira." Ta zage shi tas, sannan ta koya. Bayan shekara biyu santsi ya kwashe ta, ta tashi da ƙujewa kawai, tana cewa faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Bacaden nan da ya zo gaisuwa yana cikin mutanen soro. Na ji daga baya cewa daga hawa na uku ya faɗo, ya yi wata guda a kwance, ya tashi da ƙafafunsa.

Wannan ne ban ji kowa ya ambata a kujerun makoki ba, sai shi kaɗai. Mutane sun riƙe tsawar da yake yi wa talabijin, sun manta katifun soro.

To, ga tawa ɓarnar. Ina ɗan shekara goma sha tara na shiga wani irin zafin addini. Na ɗage wando, na daina dariya, kowa a gidanmu ya zama abin yi wa wa'azi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa na sha shi har wuya. Abin da ya fi tsone mini ido shi ne in ga ubana, mai sallah a sahun farko, zaune gaban mutanen da ke dukan juna. Abokaina suna tsokanata da "ɗan Baba Tailan", ina jin kamar in nutse.

Duk lokacin hajji Baba yakan tafi Makka aikin ɗaukar gajiyayyun alhazai, irin gadon katakon nan da mutum huɗu ke ɗorawa a ka su yi ɗawafi da tsoho. A shekarar, safiyar da zai tafi, yana kallon kaset ɗin Gajere mota ta yi masa oda a waje. Yana da al'adar tsayar da hoton daidai lokacin da Gajere ke sama, don ya nuna yadda ya manne haɓarsa. A nan ya kashe na'urar ya fita, ya bar kaset ɗin a ciki.

Ranar Arfa da rana ana nuna huɗuba a talabijin. Na ciro kaset ɗin. Baba ya riga ya ɓalle ɗan haƙorin nan na gefe da ke hana a ɗauki wani abu a kai, sai na liƙe gurbin da salatif, na mayar, na danna ɗauka. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na san kaset ɗin wane ne. Akwai wasu fiye da ashirin a kwali, na zaɓi wannan don shi ya fi so. Ko tariyowa ban yi ba. Na bar shi yana ɗauka har zaren ya ƙare, ina zaune ina jin na ceci ubana daga wuta.

Ya dawo bayan kwana shida, ya rame, tsakiyar kansa ta yi kanta saboda katako. Ya yi wanka, ya ci abinci, ya zauna a wurinsa. Ya tarar zaren ya ƙare, ya tariyo har wurin motar, ya danna. Mota ta taho. Gajere ya rugo a kan buhuna, gwiwa ta same shi, ya tashi sama. Sai hoton ya yi rawa, sai ga farin taron alhazai ya cika gilashi, ga muryar mai huɗuba.

Baba bai motsa ba. Can sai ya janye ƙafafunsa da ya miƙe, ya tanƙwashe su, ya laluba hularsa ya sa. Ai ba a kashe huɗuba a tsakiya, ga ayoyi ana jawowa. Haka ya zauna ya saurara har ƙarshe, mu duka muna tsaye kamar an dasa mu. Da zaren ya ƙare ya ce wa Inna, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba." Har da ɗan ɗaga murya, ina jiran a yi faɗa in jawo hujja.

Bai kalle ni ba. Ya ce wa Inna, "Ki ce wa wancan Allah ya ba da lada."

Shi ke nan. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na ɗaure shi ta ko'ina ban sani ba. Ba zai iya cewa ya fi son faɗa a kan huɗubar Arfa ba. Ba zai iya jefar da kaset mai ayoyin Allah ba. Fuskar abokinsa kuwa ta tafi, babu inda za a samo ta. Garin neman gira na rasa masa ido.

Daga ranar ya daina kiran mu kallo. Da faifai suka shigo ya riƙa sayowa a kasuwa, duk wanda ya ga rubutun Tailan a bayansa, mai kyau da marar kyau. Na san abin da yake nema. Bai san sunan fim ɗin ba, takardar jikin kaset ɗin gumi ya riga ya cinye ta. Yakan sa faifai ya tura gaba da sauri yana neman mota mai buhuna, in bai gani ba ya jefa a kwali. Kwalayen da Goggo ke so a fitar, rabinsu neman Gajere ne ya tara su.

Ni kuma zafin kaina ya huce, kamar yadda yake hucewa ga kowa in ya fara neman abinci. Na samu aikin tuƙi a wani gida a Abhur, na yi aure, na kama haya a unguwar Safa. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan zo gida in ci abinci. Kowace Juma'a ina shigowa da maganar a bakina. In gaishe shi, ya amsa yana kallon bango, ya tambayi Inna ko yaran wancan suna lafiya. In na kalli tsohuwar na'urar bidiyon nan a ƙarƙashin talabijin, an lulluɓe ta da ƙyalle, sai in kawar da kai. Na ɗauka ya bar ta a wurin ne don in riƙa gani ina tunawa. Sau ɗaya muka kaɗaice a mota, ina kai shi asibiti. Na buɗe baki na ce, "Baba." Ya ce, "Na'am." Ya juyo gaba ɗaya ya kalle ni, abin da bai saba ba. Sai na ji kaina ina tambayarsa ko ya sha maganin safe.

Ranar Alhamis ya rasu, yana dawowa daga sallar la'asar. A matakalar bene zuciyarsa ta tsaya. Maƙwabcin da ya fara isa ya ce ya same shi kwance a gefensa, haɓa a ƙirji, hannaye a naɗe. Likita ya duba ya ce babu karaya, babu ko ƙujewa a kansa, ya yi mamakin tsoho ya gangaro matakala shida haka. Kawu da ya ji ya ce, "Ai sana'arsa ce," ya fashe da kuka.

Jiya Goggo ta sake aiko mini a kan kwalaye. Na zo da hantsi na shiga ɗakinsa. Na jawo kwalayen, na ɗaure su. Sannan na yaye ƙyallen da ke kan na'urar bidiyo, da niyyar in haɗa da ita. Sai na ga babu ƙura a jikinta, wayarta a jone, ga 'yar kwalbar turare da auduga da yake goge mata kai da su. Akwai kaset a ciki. Salatif ɗina yana nan a gefensa, ya yi rawaya.

Na danna. Mota ta taho. Hoton ya cika da layi-layi, ya koɗe, irin koɗewar wurin da aka kalla sau dubu. Gajere ya rugo, ya tashi sama, sai Arfa.

"Ka same shi ke nan."

Inna ce a bakin ƙofa, cikin mayafin takaba. Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Inna, ya tafi yana fushi da ni, ko?"

Ta shigo ta zauna a bakin gado, tana kallon alhazan da ke cikin gilashi. Ta ce, "Wata uku ya yi bai taɓa shi ba. Ya ji ciwo, ba zan ɓoye maka ba, abinci ma sai da na yi da gaske. Ran nan ina wanke-wanke na ji ya kunna. Ya tariyo, ya sake, ya tariyo. Sai na ji dariya. Na leƙo, hawaye har gemu. Ya ce, 'Zo ki ga Gajere. Shekara nawa nake jefar da bawan Allahn nan ƙasa, kullum sau biyar, sau goma. Yau ga shi ya yi tsalle bai faɗi ba, ya sauka a Arfa. Abin da kafili ya hana shi, wancan ya ba shi.'"

Na ce, "Inna, shekara goma sha bakwai. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na so. Ya hana ni. Ya ce wannan ba saƙon da za a aika ba ne, shi zai nuna maka da hannunsa ranar da ka tambaya. Ka san ba zai iya fara yi maka magana ba, kai ne na fari." Ta gyara mayafinta. "Duk ranar Alhamis da hantsi yake goge na'urar, ya tariyo kaset ɗin ya ajiye daidai wurin motar. Ya ce ko gobe wancan zai tambaya."

Huɗubar tana ta tafiya, ni ma na kasa kashewa. Na tanƙwashe ƙafafuna na saurara har zaren ya ƙare.

Kwalayen na fitar da su kamar yadda Goggo ta ce. Wannan kaset ɗaya ko ita ba ta ce a fitar ba, tunda akwai ayoyi a ciki. Wanda duk ya karanta wannan, in ya taɓa sanin wani tsoho a Bani Malik da ake yi wa dariya saboda finafinan Tailan, ina roƙonsa ya tuna katifun soro, ya yi masa addu'a. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ƙasa ta karɓe shi da sauƙi, ya yafe masa, ya yafe mini. Gajere kuma, in yana raye Allah ya kai shi Arfa da ƙafafunsa, in ya rigaya Allah ya haɗa su.

Yau Asabar. Jiya ce Juma'ar da na tambaya, na makara da kwana takwas. Kafin in bar ɗakin na tariyo kaset ɗin, na mayar da shi daidai inda ya ajiye mini.